Farantan da Inna Makulli Ta Goge

Shekara ashirin da bakwai Inna Makulli ta yi tana buɗe ɗakin ajiyar gidan tarihi da ƙarfe bakwai da rabi. Shara aka ɗauke ta yi, sannu a hankali ta zama ita kaɗai ta san inda komai yake. Makullai tara take ratayawa a ƙugu, shi ya jawo mata sunan, har jikokinta haka suke kiran ta. Kaya ɗari uku da arba'in ne a ɗakin, a jere bisa kanta goma sha ɗaya. Rufin yana yoyo ta wuri biyar, ita kuwa bokitinta huɗu.

Abin da ya fi tsaya mata a rai wasu farantan tagulla ne guda goma sha huɗu. A bakin kowanne akwai zane siriri kamar gashi, aikin maƙeran da ba wanda ya san sunansu yanzu. Koren tsatsa yana cin su, a kan idonta uku suka huje. Sau shida tana kai kuka ofis, sau shida ana cewa za a duba.

Rannan shugaban gidan ya ce baƙi za su zo da na'urar da ke ɗaukar siffar abu ta kowane gefe, ta adana a kwamfuta, ko abin ya ruɓe siffarsa tana nan. Kwana uku kacal za su yi, kuma ba za su dawo ba, don wurare ashirin ke jiran su.

Inna ta lissafa, saura kwana takwas. A tarbiyyarta ba a fito wa baƙo da kwano mai datti, balle wanda za a ɗauki hotonsa ya zauna har abada. Ba ta tambayi kowa ba. Ta kawo toka da lemun tsami da soson ƙarfe daga gida, ta zauna a bayan ɗakin, faranti biyu kowace rana. Yatsunta suka tsattsage.

Mai gadi ya leƙo ya ce, "Inna, aurar da farantan nan za ki yi?"

"Tsare ƙofarka, malam. In na gama da su haƙoranka zan koma."

Injiniyar da ta zo da na'urar ba ta wuce sa'ar 'yar Inna ta biyu ba. Sai ta ɗora abu a kan wani faifai mai juyawa, haske ya bi jikinsa layi-layi, cikin minti huɗu ga shi a allon kwamfuta yana juyi. Inna ta ga tulun da take kira gurgu, har da tsagar gindinsa, ta yi guɗa a hankali. Ranar farko aka ɗauki siffar kaya ɗari da ashirin, ta biyu ɗari da talatin da ɗaya.

Farantan ta bari sai rana ta uku. Ta fito da su naɗe a sabon zanenta, ta jera, suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Injiniya ta dube su, ta juyo wajen Inna.

"Inna, wa ya goge waɗannan?"

"Ni ce, 'yar nan. Da kin gan su da, ai sai ki ƙi taɓawa."

"Wayyo, Inna."

Hasken na'urar ya riƙa dukan tagullar yana tarwatsewa, a allo sai ramuka. Suka rufe tagogi da labule, aka gwada sau tara. Daga ƙarshe shugaba ya yarda a fesa wa ɗaya hodar da ke kashe ƙyalli. Siffar ta fito sarai, amma bakin farantin sumul, ba ko layi ɗaya. Injiniya ta shafa da yatsa, ta duba sauran sha ukun ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma.

"Ƙarfen da aka yi zanen a kai ya riga ya zama tsatsa," in ji ta. "Tsatsar ce ke riƙe da zanen, Inna. Ita ce kika wanke."

Ba wanda ya yi mata faɗa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Shugaba ya ce kawai a mayar da su bisa kanta. Motar baƙi ta tashi da la'asar da siffar kaya ɗari uku da ashirin da bakwai, ɗaya daga ciki faranti ne marar zane.

Saura wata huɗu Inna ta yi ritaya. Ta sayi littafi da fensir biyu, ta ce ai ba wanda ya kai ta kallon zanen nan, za ta fitar da shi daga kanta. Kullum in ta gama shara sai ta zauna da farantin farko a cinya. Ta cinye shafi sha tara. Layi uku na farko suna zuwa, amma na huɗun ta rasa ko dama ya lanƙwasa ko hagu, kuma babu wanda za ta tambaya.