Idon Iska

Lokacin da nake koyar da Turanci a wata makaranta a Gummi, in ka cire kekena, babbar kadarata wani ƙaton ƙamus ne mai jan bango. Ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, har da kalmomin da suka yi kama da juna, da inda kowacce ta samo asali. Ina ji da shi, ina kuma ji da kaina saboda shi. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ko sannu aka ce mini sai na faɗi asalinta kafin in amsa.

Ina da 'ya, ita ce ta fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Amma ina sonta, irin son da na rasa inda zan kai shi. Ƙamus ne ya ba ni mafita, don ba mai ganin laifin malami in yana koyar da yaro. Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗaure fuska, in ce ta zo karatu.

Shekarunta biyar, bakinta kuwa ba ya hutawa. Ita a wurinta kalmomi baƙi ne, kuma baƙo sai an san daga inda ya fito. Da na karanta kalma za ta dafa gwiwata ta ce, "Baba, wagga ina garinsu? Su wa ad danginta?" Dangi su ne masu ma'ana irin tata. Na gaya mata breakfast karya azumin dare ne, ta ce ashe Turawa ma suna karya kumallo. Na ce goodbye asalinta addu'a ce, Allah ya kasance tare da kai. Amma wadda ta tafi da ita window ce, wato taga. Na ce daga can arewacin Turai ta zo, kuma asalinta kalmomi biyu ne, ido da iska. Ta yi dariya har da birgima a tabarma. Daga ranar ba a ƙara jin taga a gidanmu ba, sai dai, "Inna, ruhe idon iska, hadari ya taso."

Uwarta 'yar Bagega ce. Wani hutu muka je gaisuwa, na tarar gidan surukaina ya koma wurin aikin zinariya. Ƙannen matata suna kawo duwatsu daga rami, a farfasa, a daka a turmi, a shanya garin a tsakar gida kusa da inda ake shanya gero. Ƙura ta kwanta a kan komai, har murfin randa, yara suna wasa a ciki. Raina bai so ba. Da za mu dawo, surukata ta aiko matata da saƙo, wai a bar mata jikarta ta yi damina a wurinta.

Matata ta dube ni tana jiran in ce wani abu. Da ƙaramin ɗanmu aka nema, da na kawo dalili goma. Amma 'yar fari ce. In na hana, me za a ce? Malam ba shi da kunya, ya nuna son 'yar fari a gidan surukai. Na kawar da kai na ce, "Ai tata ce." Wannan maganar har yau ita ke ci na. Na san poison, wato guba, daga Latin ta fito, asalinta abin sha, zan iya jero maka danginta ban buɗe littafi ba. Ga guba a gabana, a kan murfin randa, na tsallake ta na hau mota.

Damina ba ta ƙare ba aka aiko cewa yarinyar ba lafiya. Amai, sannan jijjiga, sannan suma. Na same ta a asibiti a Anka, cikin yara da yawa masu irin ciwonta. Likitoci suka ce gubar dalma ce, tana cikin duwatsun nan, ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Na durƙusa a bakin gadon, a gaban surukata da kowa da kowa, na kira sunanta da bakina, karo na farko tun da aka raɗa mata shi. Na kira sau uku. Ba ta waiwayo ba.

Ta rayu, mun gode Allah, don da yawa ba su rayu ba. Daga baya an kankare ƙasar gidan kakarta an zuba sabuwa. Amma maganarta ba ta dawo ba. Yanzu ta girma, ta fi uwarta tsawo, ita ake yi wa wanka a ba ta abinci a baki. Ina kiran sunanta sau ɗari a yini, duk mai son magana ya yi.

Ban daina shimfiɗa tabarma bayan la'asar ba. Matata ta ce in bari, ina wahalar da zuciyata ne kawai, na ce ta ƙyale ni. Na fara daga farkon ƙamus, ina ɗan tsallake masu wuya, kowace kalma in faɗi garinsu da danginta ba tare da an tambaye ni ba. Window tana can kusa da ƙarshe, kuma da gangan na ƙi yin sauri, don ita kaɗai ta rage mini.

Bara muka isa. Na share murya na karanta, na nuna mata tagar ɗakin uwarta, na ce idon iska. Ta bi yatsana da kallo, ta tsaya a kan yatsan. Na jira har aka kira magariba. Sai na rufe ƙamus na naɗe tabarma, kashegari na koma shafin farko.