Inna Kim-ki da Jegon Agwagwa

Ranar tara ga watan Agusta na shekarar 2015, washegarin wata guguwar teku da ta jijjiga garin Wujie, Yu Kim-ki ta fito da tsintsiya za ta share lakar ƙofar gida, sai ta ji wani ɗan siririn kuka a magudanar da ke bi ta bayan katangarta zuwa gonakin shinkafa. Ta leƙa. 'Yar agwagwa ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ta maƙale tsakanin reshen gora da wani takalmin roba da ruwa ya kwaso. Ba wanda ya san gonar da ambaliya ta ɗauko ta. A wannan yanki agwagi sun fi ƙarfin ƙirga, ba mai fita cigiyar guda ɗaya. Kim-ki ta koma ciki ta ɗauko ludayi mai dogon hannu ta kwaso ta, ta goge ta da gefen riga, ta sa a aljihu. A lokacin tana da shekara sittin da bakwai.

Kim-ki ta yi aure da ƙuruciya a gidan Lua, masu kiwon agwagi a bakin kogi. Ɗa guda ta haifa, a tsakiyar sanyi, lokacin da ruwan sama kan yi mako bai ɗauke ba. Cibiyar yaron ba ta faɗi ba surukarta ta tura ta wanki a magudana, wai hannun aiki ya yi kaɗan a gidan. Ta tsaya a ruwa har gwiwa. Tun daga wannan shekara gwiwoyinta suke faɗa mata zuwan hadari kafin rediyo ya faɗa. Duk wanda ya zauna da ita ya ji labarin wankin nan, ba sau ɗaya ba.

Da mijinta ya rasu yaron bai gama firamare ba, sai ta kama sana'ar zaman jego. Idan mace ta haihu, Kim-ki ta tare a gidan har tsawon wata guda cur. Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya: a rufe taga, maijego ba ta wanka, ba ta wanke kai, ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta sha sai mai ɗumi. Abinci kuwa farfesun kaza da citta da man riɗi, safe da yamma. Jariri kaɗai ke shiga ruwa, shi ma a cikin wani bahon katako da take yawo da shi gida gida, sai ta tsoma gwiwar hannu ta auna ɗumin ruwan tukuna. Ran da wata ya cika, masu gida su dafa jajayen ƙwai da shinkafar mai su raba wa dangi, a ba ta nata, ta ɗaure bahonta a bayan keke ta tafi. Wajen shekara talatin da biyar tana haka. Jariran da ta wanke sun cika Wujie har garin Luodong da ke kusa, kowa Inna yake ce mata, amma babu wanda ya wuce wata guda a hannunta. Da ya fara gane fuskarta, lokacin tafiya ya yi.

Daga baya matan zamani suka koma yin jegonsu a gidajen da aka gina don haka, masu na'urar busar da gashi. Kira ya ja baya har ya tsaya. Ɗanta yana birnin Taipei da iyalinsa. Baho ya hau saman kwaba, ta lulluɓe shi da tsohon zane. A wannan zama 'yar agwagwa ta same ta.

Da gashin ƙuruciya ya zube, fari tas ya fito, sai ta sa mata suna Awara. Wata ya cika, wani ya biyo, ba wanda ya dafa jan ƙwai ya sallame ta. Awara tana biye da ita daga kicin zuwa shagon kayan miya, in ta zauna gyaran wake ta kwanta a kan ƙafarta.

Ƙanin mijinta, Lua Tiam-ting, shi ne na ƙarshe a gidansu da ya kora agwagi da doguwar gora a bakin kogi. Ya daina tuni, sai yawo a babur da neman wanda zai tsokana. Da ya ga Awara ya ce agwagwa ba ta zama ita kaɗai, ba Kim-ki ba ce. Bayan kwana biyu ya zo da wata mai ruwan ƙasa a cikin kwali, ya ce sunanta Citta, don in ranar tukunya ta zo kada a sha wahalar neman kayan haɗi. Ta kore shi da tsintsiya, amma ta riƙe agwagwar, sunan kuma ya bi ta. Kullum da hantsi agwagin biyu sukan sauka magudana su yi iyo, Kim-ki tana zaune a kan katanga tana tsaron karnuka.

A sanyin shekara ta uku, cikin watan Janairu, Awara ta fara atishawa. Idonta na hagu ya kawo kumfa, ta rage cin abinci. Kim-ki ta dubi yayyafin da ya ƙi ɗaukewa, ta dubi magudana, ta ce ai ga shi nan, sanyi ya shige ta. Abin da ta sani shi ta yi. Ta shigar da Awara ɗakin da ɗanta ya tashi a ciki, ta toshe kafar taga da tsumma, ta shimfiɗa mata bargo. Ta dama kunun shinkafa da 'yar citta da ɗigon man riɗi. Ruwan sha ta tafasa, ta zuba a ɗan kofin shayi wanda bakin agwagwa kaɗai ke shiga. Maganar wanka kuwa babu ita.

Ba a ga sauƙi ba. Kwantsa ta taru ta liƙe idon hagu, ta fara kama na dama. Majina ta bushe a ƙofofin hanci, har Awara sai ta buɗe baki take numfashi. Gashinta da ruwa ke zamewa a kai ya yi dusu-dusu kamar tsohuwar auduga. Takan cusa baki cikin kofin tana tura kai da ƙarfi har ya kife, Kim-ki ta goge wurin da sauri kada danshi ya taɓa ta, ta ƙara bargo. A tsakar gida Citta tana zagaye ƙofa tana kira, ba amsa. A ganin Kim-ki sanyin ne ya yi nisa a jiki, saboda haka ta ƙara matse taga.

Wata safiya Tiam-ting ya tsaya da babur ya kawo mata kabeji. Ya ga Citta ita kaɗai ya tambayi 'yar'uwarta. Kim-ki ta ce tana hutawa, ba a shiga. Bai saurare ta ba, ya cire takalmi ya tura ƙofa. Ɗumi da ƙamshin citta suka buge shi. Ya shinshina.

"Matar yaya, citta na ji, man riɗi na ji. Saura wuta. In kira jama'a ne?"

"Rufe mini ƙofa, tsohon banza, iska na shiga."

Ya tsuguna ya ɗaga kan Awara, sai wasan ya bar fuskarsa. Ya tambayi tun yaushe rabonta da ruwa. Ta ce ga shi nan tana sha. Ya ce ba sha yake nufi ba. Ya faɗa mata cewa agwagwa ba ta da hannun goge ido, ba ta da hankici, da ruwa take wanke ido da hanci, sai ta nitsa kai gaba ɗaya ta fyace. In an hana ta, ƙaramar mura sai ta zama makanta, wadda ba ta gani kuma ba ta ci. Ya ce a sake ta magudana yanzu.

Kim-ki ta tsaya tsakaninsa da bargon. Ta ce a magudanar nan ta bar gwiwoyinta, shi yana yaro yana kallo daga kan gada. Ta ce mata nawa ta fitar daga jego lafiya, ba wadda ta taɓa ruwa, shi kuwa duk agwagin da ya kiwata a tukunya suka ƙare, to wa ya fi sanin raya abu tsakaninsu.

"Gaskiyarki," in ji shi. "Nawa na yanka su. Amma da ido biyu suka je wurin wuƙa." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Wannan ba maijego ba ce, Matar yaya. In kin bar ta haka ba za ta ga sabuwar shekarar gargajiya ta watan gobe ba."

Ya ajiye kabejin ya fita tsakar gida, ya zauna a ƙarƙashin rumfa ya kunna taba. Bai tafi ba.

Kim-ki ta zauna a bakin gado tana jin numfashin Awara, kowane ja da ɗan fito a ciki. Magudana dai ba za ta yarda ba, ko wa ya faɗa. Amma maganarsa ta ƙarshe ta tsaya mata: ba maijego ba ce. To a duk ɗakin da ta yi aiki, mutum biyu take kula da su. Ɗaya ba ta taɓa ruwa, ɗayan kuwa kullum sai an tsoma shi. Ta daɗe tana duban Awara. Sannan ta jawo kujera, ta hau da gwiwoyin nan nata, ta sauko da baho daga saman kwaba.

Katakon ya bushe, sai da ta jiƙa shi ya kumbura ya daina yoyo. Ta tafasa ruwa, ta surka, ta tsoma gwiwar hannu. Tiam-ting ya leƙo ta ƙofar kicin ya ce ya yi zafi, ta ƙara na sanyi. Ta ƙara, ba da son ranta ba. Ta ɗauko citta za ta jefa, ya ce in makantar take so ta ƙarasa, ta jefa. Ta mayar. Ta ɗauko Awara kamar yadda ta saba ɗaukar jariri, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ta sauke ta a hankali.

Da farko Awara ta tsaya cak, ruwa yana shiga gashinta. Sai ta taɓa shi da baki. Sai ta nitsa kai har wuya, ta ɗago, ta sake nitsawa, kumfa na fita ta hanci. Ta yi ta yi, tana watsa ruwa a bayanta, tana jiƙa gaban rigar Kim-ki, ita kuwa ba ta matsa ba. Can idon dama ya buɗe. Awara ta karkata kai ta dube ta da shi, ta yi wani shaƙaƙƙen kuka. Daga waje Citta ta amsa.

"To ga jaririyarki ta yi kuka," in ji Tiam-ting. "A dafa jan ƙwai."

"Miƙo tawul, ka cika surutu."

Ba ta bar ta ta daɗe ba, don gashin ba ya tare ruwa a lokacin. Ta tsane ta sosai, ta ajiye ta kusa da murhu har ta bushe. A nan kam Tiam-ting bai yi gardama ba, ya ce wannan fannin nata ne. Da rana ya goya Kim-ki a babur, Awara a kwando cikin rigar ruwa, suka je wurin likitar dabbobi a Luodong. Likita ta ba da maganin ɗigawa a ido da na zubawa a ruwan sha, ta ce na dama zai warke, na hagu an makara.

Haka kuwa aka yi. Idon hagu ya yi fari, bai sake gani ba. Kim-ki ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, Tiam-ting kuma, duk tsokanarsa, bai taɓa tayar da maganar idon ba. Sai dai tun daga ranar ta koma tafiya ta gefen hagun Awara, ta zama ita ce idon, in kare ko babur ya taho ta wannan ɓangare ita ke tarewa.

Tsarin gidan ya sauya. Baho ya sauko tsakar gida ya zauna. Kowace safiya ta zubar da na jiya, ta wanke, ta cika, da zurfin da kai zai nitse. A lokacin sanyi takan surka da ɗan ruwan zafi, Tiam-ting ya ce agwagin Wujie kaf ba masu gata irin waɗannan, ta ce hassada ce. Ta zuba ɓuntun shinkafa a kan siminti saboda tafin ƙafarsu, tana sauyawa da ya jiƙe. Ta daina ba su kunu, sai tsaki da yankakken ganye da dodon-koɗin da take tsintowa a bakin gona. Kafin su shiga akurki da yamma takan ɗaga kowace ta duba ido, hanci da ƙafa. Da bazara ta yi ta mayar da su magudana, amma in ana yayyafin sanyi, baho kawai. Maƙwabta masu 'yan agwagi a gida suka fara kawo mata marasa lafiya. Tambayarta ta farko ita ce ina ruwansu, kuma ina zurfinsa. In abin ya fi ƙarfin baho, ta tura su Luodong.

Awara ta mutu da tsufa a watan Afrilu na 2024, an binne ta a gindin gwaibar bayan gida. Tiam-ting ne ya haƙa ramin. Shi ma ya rasu a ƙarshen wannan shekara. Ɗan Kim-ki ya nemi ta koma Taipei wurinsu, ta tambaya ko benen nasu yana karɓar agwagwa, ya ce a'a, ta ce to a bar maganar. Tana nan a Wujie da Citta da wata ƙarama da ta karɓo don kada Citta ta zauna ita kaɗai. Gwiwoyin sun ƙara tsanani, yanzu da tiyo take cika bahon.