Zobban gonar Malam Arzika

Mun tashi da asuba daga Yamai, mu uku: ni da kyamarata, abokina mai tuƙi, da ƙanwar matata, haifaffiyar Filinge, wadda ita ce idonmu a ƙasar Kurfai. Kun tuna hoton da na sa muku kwanaki, wanda na tsinta a taswirar waya: wata gona a bayan Filinge, da zobba kore shar a tsakiyar hatsi kamar an kifa faya-fayi. Wasunku sun ce aikin aljannu ne, wasu sun ce wani abu ne ya sauka daga sama, wani ma ya rantse ni na zana su. Na ce to, gani ya kori ji.

Hanya ba laifi, sai dai ramuka nan da can, da shingayen jami'an tsaro inda kowa ke fito da katinsa. Ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto a gida na bar shi, don a halin da yankin ke ciki, wanda ya tashe shi sama ya sayi rigima da kuɗinsa. A Balleyara muka karya da kopto, wato kwaɗon zogale, da ƙwan zabi. Ƙarshen damina ne, ƙwai ya yi araha, abin da za ka biya ka ɗanɗana a Yamai a nan sai ka ƙoshi har ka yi guzuri. Abokina ya ci har na fara tausayin tayoyin motar.

A Filinge muka ajiye mota gidan surukaina, muka hau amalanken jaki. Jakin nan yana da ra'ayinsa, inda ya ga ciyawa nan ne tasha. Ban yi fushi ba, don ya ba ni damar kallon dallol, kwarin nan mai faɗi da jajayen duwatsu a gefensa, hatsi ya fi mutum tsawo, ya fid da kai yana jiran lauje.

Mai gonar wani dattijo ne siriri, Malam Arzika. A bakin rijiyarsa muka same shi, kuma sai da muka sha fura da ruwan sanyi kafin ya tambayi abin da ke tafe da mu. Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga hoto tsoho na, ɗana," ya ce. "Ku hau dutsi ku gani da idonku."

Ni da hawan dutse ba ma ga maciji. Ƙanwar matata ta haye da silifas tana dariya, ni kuwa na isa da rarrafe da salati. Daga sama na ga zobban, amma sun koɗe. Sai ka ƙura ido kafin ka raba su da sauran gonar. Gaskiya raina ya ɓaci, na tuna man da muka ƙona da surutun da zan sha a wurinku. Na ɗauki abin da ya samu, muka sauko.

A inuwar gawo Malam Arzika ya warware mana. Zobban nan makwancin shanu ne. Yana da aboki Bafillace, Sambo, wanda kowace shekara bayan girbi yake kawo garkensa gonar. Shanu su ci kara, su sha a rijiya, da yamma a tara su wuri ɗaya cikin shingen ƙaya, bayan 'yan kwanaki a matsa gaba. Duk inda suka kwana, takinsu kan sa hatsin wurin ya fi kauri da duhu idan damina ta zo. Sambo ya samu kara da ruwa da damman hatsi, gidan Malam Arzika su samu taki da nono. Iyayensu ne suka fara, su gada suka yi.

Da tashin hankali ya tsananta ta wajen Abala, Sambo ya kora shanunsa ya yi kudu. Tun daga nan lambarsa ba ta shiga, ba wanda ya zo da labarinsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ƙarfin takin yana ƙarewa, zobban suna ɓacewa.

Yanzu kara ya yi daraja, kowa kwashe nasa yake ya sayar. Malam Arzika kaɗai ke barin nasa a tsaye har gara ta cinye, 'ya'yansa suna kallo suna cizon yatsa, ga shi rumbu ba ya cika kamar da. Bana sun matsa masa, har ya yi musu alkawari: idan aka gama girbi babu labarin Sambo, su kwashe.

"Ba su yi laihi ba," ya ce. "Amma in Sambo ya taho ya iske gona wayam, da wane baki zan gaishe shi?"

Sai ya nuna kyamarata da haɓa. "Wanga abu naka, har ina yake kai?"

Na ce, "Baba, duk inda rezon waya ya kai."

Ya tashi ya shiga gida, ya fito da rigarsa ta Juma'a. Ya ratsa hatsi har tsakiyar zoben da ke kusa da rijiya, ya gyara hula, ya dubi kyamara kamar mutum ne a gabansa.

"Sambo, in kana da rai, ga makwancin shanunka. Rijiya ba ta ƙahe ba. In ko ka riga mu, wanda ya sani shi hwaɗa mani, in san irin addu'ar da za ni yi maka."

Yadda ya faɗa haka na ɗauka a bidiyo. Ban gyara ba. Da za mu tafi ya cika mana buhu da ɗanyen wake, ya raka amalanken har bakin hanya, muka kwana Filinge, washegari muka iso Yamai lafiya.

Na sa bidiyon. Masu jiran aljannu sun yi ƙorafi, na ji, na haƙura. Amma wasunku sun tura shi gaba, ya shiga wayoyin dillalan shanu, daga kasuwa zuwa kasuwa. Ana tsakiyar girbi saƙon murya ya shigo mini daga lambar da ban sani ba, ta wajen Gaya, da kukan shanu a bayansa.

"Arzika, ashe haka ka tsuhwa? Rigar nan har yanzu ba ka canja ta ba? Ni ne Sambo. Shanu sun ragu, amma muna nan da rai. In hanya ta yi sanyi, ina tahe."

Na tafi neman abin mamaki daga sama, na tarar da amanar mutum biyu a ƙasa, kuma na gane kyamarar nan tana da aikin da ya wuce tara masu kallo. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa surukaina da mutanen Kurfai da suka karɓe mu kamar nasu. Ku da kuka tura bidiyon nan, ban san sunayenku ba, Allah ya sani, ya saka muku.

Na kira wayar babban ɗan Malam Arzika, na ce ya kai wa Baba. Na kunna masa muryar. Ya ce in sake, na sake. Sai na ji ya yi hamdala, ya yi wa ɗansa magana.

"Ka ji da kunnenka. Kar wanda ya taɓa karan nan."