Ranar da Jar Mota Ta Riƙe Inna

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da na kawo motoci biyu ƙofar gidanmu don in zaɓi ɗaya.

A shekarar riɗi ya yi mini kyau, na kai kasuwar Dawanau na sayar, sai kaina ya ɗau zafi. Wai ni ma sai na hau irin motocin Japan ɗin nan masu gudun tsiya. Dillali ya samo mini guda biyu na hannu: ja mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, da shuɗiya mai ƙofa huɗu, ta ɗan fi ta tsayi. Sati uku ina zarya Kano, ina sa a tayar da inji in kasa kunne, kamar na san abin da nake saurara. Raina dai yana kan jar.

Hujjar da na ba mutane kuwa ita ce Inna. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, duk wata a bayan babur ake kai ta asibiti. To ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta ma yi mini magana kai tsaye sai ta bakin wani.

Da dillalin ya gaji da ni, ya ce mu kai su gida in gwada. Ya ja shuɗiyar, na ja jar, muka ratsa tsakanin gonaki ina ta kauce wa ramuka. Da muka iso gida Inna ta fito, na buɗe ƙofar jar da taƙama na ce, “Inna, bismilla.”

Ta dafa ƙofar, ta yi bismilla, ta zauna. Kujerar nan mai zurfi ce kamar kwarya, sai kawai ta nutse, gwiwoyinta suka taso har kusa da haɓa. Ta yunƙura sau ɗaya, sau biyu. Shiru. Ta kalli matata ta ce, “Ki tambaye shi, a nan zan yi la'asar?”

Na miƙa hannu, ta kau da kai. Dillali ya miƙa, ta yi masa kallon da ya sa shi komawa gindin darbejiya. Kafin a jima maƙwabta sun cika wurin, kowa da shawararsa, har da mai cewa a kwance kujerar a shigar da ita gida a kai. Sai da aka kori maza, mata uku suka kama, ɗaya ta zagaya ta ɗaya ƙofar tana turawa, ana salati ana dariya, sannan Inna ta fito.

Ni ma na so in yi dariyar, sai na ga yadda ta dafe gwiwa ta runtse ido. Kunya ta rufe ni. Sati uku ina tambayar ƙarfin inji, ban taɓa tambayar yadda tsohuwa za ta shiga ta fita ba.

Ta gyara mayafi ta ce wa matata, “Ki gaya masa motarsa ta yi kyau, Allah ya sa alheri. Ni babur ɗin ma ya ishe ni.”

Wannan maganar ta fi zagi zafi. Nan take na ce wa dillali shuɗiyar nake so.

Shekara shida ta yi tana kai Inna asibiti. Daga ranar na koyi cewa in ka ce don wani za ka yi abu, to da jikinsa za ka auna, ba da son ranka ba. Har yau in jar mota ta wuce mu a hanya, Inna takan taɓo matata ta ce, “Ki ce masa ga tasa can.”