Habi Mai Tsintsiya da Watandar da Ba a Yankawa

A Gidan Sori, idan aka ce Habi ba a ƙara wani suna, domin duk gidan da ake shara an san ta. Kakanninta makiyaya ne da suka gangaro daga arewa, suka ajiye sanda suka ɗauki hauya. Ita kuwa tun tana amarya ta kama sana'ar ɗaurin tsintsiya, kuma da ita ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Iri biyu take yi: ta laushi, wadda ake yi da ciyawa don sharar ɗaki, da ta kaba mai ƙarfi, wadda ake sharar fili da ita. Shekara goma sha ɗaya da na yi ina shugabancin lakol ɗin garin, wato makarantar boko, inda ake kirana Mushe, a hannunta muke saye, kuma ban taɓa ganin ɗaurinta ya kwance ba.

Dukiyarta a duniya raguna uku ne da take kiwo a bayan ɗaki. Ta sha faɗa mini cewa su ne abincin tsufanta, ranar da yatsunta za su ƙi ɗauri.

Babban mai sayen kayanta shi ne Sabi'u, ɗan ƙanen mijinta, wanda ya kafa wani ƙaramin kamfani a Gidan Rumji. Aikin kamfanin shi ne share ma'aikatu, da gadinsu, da gyaran famfo da fitila idan sun lalace. Da harka ta buɗe masa, sai ya raba kamfanin hannun jari ɗari biyu, kowanne jika ashirin da biyar, wato sefa dubu ashirin da biyar, ya fara tallarsu ga dangi. Ya kawo wa Habi takarda da Faransanci, ya ce ta sayar da ragunan nan uku ta sayi hannu tara.

Da hantsi ta iso gidana da takardar a naɗe cikin gefen zane.

"Mushe, karanta mini wagga takarda. Adashi ne yaron nan ya buɗe?"

Na karanta sau biyu, sannan na bayyana mata cewa ba adashi ba ne, domin babu ranar kwasa. Wanda ya sayi hannu ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. Idan an ci riba a ba shi rabonsa, idan an faɗi kuwa kuɗinsa sun tafi, ba shi da wanda zai kama.

Ta ce, "To, watanda ce ke nan. A haɗa kuɗi a sayi saniya, kowa da kashinsa. Sai dai wagga ba a yanka ta, tatsa ake yi."

Na yi shekaru ina koyarwa, amma ban taɓa jin an taƙaita darasi haka ba. Na ce mata takardar dai ta yi kyau, an ambaci ma'aikatu har bakwai da kamfanin ke yi wa aiki.

"Ni ban taɓa shiga watanda ban ga saniyar ba," in ji ta. "Ka shirya, ran kasuwa ka raka ni."

Muka hau amalanke zuwa bakin hanya, daga nan muka shiga mota. Sabi'u ya tarbe mu a buronsa, wato ofishinsa, da fura mai sanyi, yana ta murna, a zatonsa ciniki ya faɗa.

"Inna, ina ragunan? Ko sun riga ku shiga kasuwa?"

"Suna gida suna gaishe ka. Faɗa mini, kashi nawa ka riƙe wa kanka?"

Ya ce ɗari da goma. Ta juyo ta dube ni, na tabbatar mata cewa ya fi rabi, don haka duk abin da ya yanke shi za a yi, ko da sauran sun taru sun ƙi.

"Wuƙa tana hannunka ke nan. Wannan bai dame ni ba, ni na yi maka wanka kana jariri, na san halinka. Abin da ya dame ni kiwon saniyar. Wuri guda take ci."

Sabi'u ya yi dariya, ya nuna mata sunaye bakwai da ke cikin takarda. Habi ba ta ko kalli takardar ba. Ta ce kowane wata tsintsiya ɗari yake saye a wurinta, saba'in na laushi, talatin na kaba. Tsintsiyar laushi kuwa ba ta da aiki sai a daɓe mai santsi, kuma a duk Gidan Rumji wuri ɗaya ne ke da ɗakunan karo, wato masu daɓen tayil, masu cin tsintsiya saba'in a wata, wato gidan furojen nan na baƙi masu aikin rijiyoyi. Sauran shidan, ko nawa ne sunayensu, tsintsiya talatin suke rabawa.

"Su kuwa ƴan furoje baƙi ne, ɗana. Na ga uku sun zo sun tafi. Ran da suka naɗe tabarmarsu, mi saniyar za ta ci?"

Dariyar Sabi'u ta tsaya. Da na tambaye shi, ya amsa cewa kwangilar furojen saura wata goma sha huɗu, amma yana sa ran za a sabunta.

Habi ta ce rago ɗaya za ta sayar ta sayi hannu uku, don kada a ce ta ƙi ɗanta. Sauran biyun kuma za su zauna, sai ranar da ta ga tsintsiyar kaba ta kamo ta laushi. Ya yi ƴan gunaguni cewa an zo har buronsa an yi masa jarrabawa, ga kuma mushe a zaune babu ko taimako. Amma ya raka mu tasha, ya biya mana mota.

Ba a sabunta kwangilar ba. A shekarar babu wanda ya ga riba, kuma waɗanda suka zuba duk abin da suke da shi sun sha zullumi, wasu har suka nemi mai sayen hannunsu da rabin kuɗi ba su samu ba. Habi kuwa tana kwana da ragunanta biyu a bayan ɗaki. Abin da ya ceci kamfanin shi ne, tun bayan zuwanmu Sabi'u ya shiga neman aikin sharar kasuwa da tasha da filayen makarantu, aikin ƙura da rana wanda a da yake rainawa. Kuɗinsa kaɗan ne, amma kasuwa ba ta ƙaura.

Bana, bayan girbin gero, Habi ta sake zuwa gidana. An ba ta rabonta na farko, jika shida, ta sayo mini goro a ciki. Ta ce watan jiya Sabi'u ya ɗauki tsintsiyar kaba tamanin, ta laushi ashirin da biyar.

"To, yanzu sai ki sayar da ragunan biyu," in ji ni.

"Ɗaya dai, Mushe. Na ukun ba ya zuwa ko'ina, ko da kamfanin zai share Maraɗi gaba ɗaya."

Ran kasuwa na gan ta a kan amalanke, rago a ɗaure a gefenta, ga damin tsintsiya a bayanta ya fi ta tsawo.