Fuskar Inna a Bangon Makaranta

Shekarar da na yi haihuwar fari, ina wankan jego a gidanmu a Wudil, aka kawo sabon babban malami makarantar elementare ta unguwarmu. An ce ya taɓa zuwa Ingila karatu, ya biyo ta wasu ƙasashe a hanyar dawowa. Inna, mahaifiyata, ƙosai take soyawa a gindin ceɗiyar ƙofar makarantar tun rasuwar Baba. Doguwa ce, baƙa, da tsagar gado a kumatu, kunnenta na hagu kuma a yage yake tun tana yarinya.

Abin da ya haɗa ta da Malam bai taka kara ya karya ba. Wata safiya Malam yana dukan wani yaro da ya makara, yaron ya saki fitsari, amma bai daina ba. Inna ta bar kasko a kan wuta ta je ta riƙe bulalar.

"Malam, ya isa haka. Ɗan mutane ne."

Yara suka tuntsire da dariya. Malam ya dube ta, ya saki bulalar, ya shige aji.

Bayan damina ya sa aka shafe bangon barandar makarantar da farar ƙasa, ya kama zane da gawayi da shuni da jar ƙasa. Ya ce darasin tarbiyya ne. A ƙasar Italiya, in ji shi, akwai tsofaffin majami'u inda Kiristocin zamanin baya suka zana halayen ɗan Adam a bango, kowane hali da siffar mutum, nagari a gefe guda, miyagu a ɗayan. Shi ma haka ya yi. Adalci mace ce a zaune da ma'auni. Kyauta tana miƙa kwando cike da hatsi. A ɗaya gefen Fushi tana yaga rigarta. Liman ya aiko cewa zanen mai rai ba shi da kyau, Malam ya ce ofishin ilmi ya yarda, magana ta mutu.

Ta ƙarshe Hassada ce: tsohuwa tsaye cikin wuta, ta damƙe jaka, maciji ya fito daga bakinta ya juyo yana saran idonta. Tana da tsaga a kumatu, kunnenta na hagu a yage.

Yara ba su yi wahalar ganewa ba. Da an tashi tara sai su kewaye kaskon Inna suna huci irin na maciji, suna cewa ta buɗe baki su gani. Har yaron da ta ceta yana cikinsu. Ƙosai ya fara kwana. Mata a rijiya suna ganinta sai su janye gugansu.

Ran nan da la'asar ta ce in goya ɗana in raka ta. Muka tarar da Malam a baranda, a kan kujera. Inna ta daɗe tana kallon bangon.

"Malam, me na yi maka?"

"Ni kuwa me na yi, Inna? Ba ni na ƙirƙira ba." Ya shiga ya ɗauko wani babban littafi ya buɗe mana. "Ga ta nan. Tun kafin a haifi kakannin kakanninmu take a bangon Nasara."

Inna ta sunkuya ta duba. Wutar tana nan, da jakar, da macijin.

"Wannan ba ta da tsaga," in ji ta. "Kunnenta ma lafiya lau."

Ya yi murmushi. "Hannu ne, abin da ya saba gani yake zanawa. Idan mutum ya ga kansa a wurin, ai ba laifina ba ne."

"Don girman Allah ka goge."

"Kayan gwamnati ne," ya ce, ya rufe littafin.

Da sanyi ya shigo, 'yar wani mahauci ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Cikin sambatu ta riƙa cewa maciji, maciji, mai ƙosai. 'Yar makarantar ce, kullum a ƙarƙashin zanen take zama, amma ba wanda ya tsaya tunanin wannan. Kafin azahar gari ya ɗauka Inna mayya ce, ta kama kurwar yarinyar.

Suka zo da sanduna. Mahaucin ne a gaba, da wuƙarsa a ƙugu. Suka ja ta a ƙasa har ƙofar gidansa, ina bin su da goyo ina ihu. Aka shimfiɗe yarinyar a kan tabarma, aka ce Inna ta tuɓe ta tsallaka ta. Ta ce ta rantse da Alƙur'ani ba ta san komai ba. Wata mata da muka yi shekaru muna aron turminta ta fizge mata zani. Inna ta rufe gabanta da hannu, ta tsallaka, mutane suna kallo har da na kan katanga. Aka ba ta ruwa ta kuskure baki, aka ɗura wa yarinyar. Na hango Malam can baya, da lema a hannu. Bai matso ba, bai kuma tafi ba.

Na yi ta addu'a yarinyar ta warke, ina zaton hakan zai wanke Inna. Ta warke kuwa. Sai aka ce to ga shaida, mayya ta saki kurwa.

Ba a yi mako ba uwar mijina ta zo daga Indabo tare da ƙanwarsa. Ko tabarma ba su hau ba.

"Miƙo yaron," in ji uwar mijina.

"Iya, nono yake sha."

"Shi ya sa. A nono ake shan abin. Ke kin riga kin sha, shi kuwa ba za mu bari ya ƙarasa ba."

Yana kan nonon suka cire shi. Saki ya biyo baya a bakin ɗan aike. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, Inna ce take gasa min da ruwan zafi tana tatsewa a ƙasa, ba ta iya duban idona.

Muka koma Darki wurin ƙaninta, ya ba mu ɗaki a bayan gida, da ƙwaryarmu daban. Inna ba ta ƙara ɗora kasko ba. In za ta yi magana sai ta sa gefen mayafi ta kare baki, ko da ni kaɗai ce a ɗakin. A damina ta biyu ta rasu, mutum kaɗan suka bi gawarta.

Malam ya sami ƙarin girma aka mayar da shi birni. Na ji an yi masa walimar ban kwana, mahaucin ne ya ba da naman.

Ɗana ya girma a hannun ƙanwar ubansa. Da ya zama saurayi yakan biyo ta Darki in ya dawo daga kasuwar Juma'a, ya tsaya a zaure mu gaisa. Yaro ne mai ladabi, yakan durƙusa har ƙasa. Nakan kawo masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gefensa, ya ce ya sha a hanya.