Farin Fenti a Ɗakin Inna

A makon da yayana ya rushe soron Inna, darasin tashar sararin samaniya nake koyarwa a Kaura Namoda. Na gaya wa ɗalibai cewa zafi ne babbar matsalar mutanen da ke can, tunda babu iskar da za ta kwashe shi. Ruwa ke zagayawa cikin bututu yana tattara zafin, ya kai shi ga wasu fararen faifai a waje, su kuma su saki abinsu. Ba a bar komai baƙi yana shan rana ba.

Da na je gida Zurmi sai na tarar da kwano a kan ɗakin uwata, baƙi wuluk, babu silin. Kyautar Yaya ke nan, wai don a san ya samu. Ana tsakiyar bazara, Inna kuma na fama da hawan jini. Na shiga da azahar, na same ta zaune a tabarma, zufa ta jiƙa mata kallabi, tana numfashi da baki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na sayo farin fenti, na yi wa Yaya bayani. Ya ce in bar boko a makaranta, ai Inna ba ta yi kuka da ɗakin ba. Ina za ta yi? Shi ne ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce ya yi kuskure. Ya san haka sarai, kuma da shirun nan nata ya kafa mini hujja.

Ranar da ya tafi kasuwar Shinkafi, inda zai kwana biyu, na hau tsani na shafe kwanon tas. Washegari da rana Inna ta yi barci a ɗakin, har da minshari. Ina zaune bakin ƙofa ina jin daɗi kamar na ci jarrabawa.

Da ta farka ta fito ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

"Kankare shi kahin shi dawo," ta ce. "Ba ni son shi ji kunya."

Na ce mata ɗakin nan zai iya kashe ta. Ta ce ta sani, ta miƙo mini wuƙar yankan kuɓewarta.

Na hau, na kankare. Har yau ban yafe wa kaina ba, shi ma ban yafe masa ba.